Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Muhawara Kan Maganin Korona

A watan Maris na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, babu likita ko ɗaya da yake da maganinta a hannu. Asibitocin arewacin Italiya sun cika maƙil, marasa lafiya na kwance har a baranda suna haki, abin da ake iya yi musu bai wuce iskar oksijin da na'urar taimaka wa numfashi ba. Nan masana suka rabu gida biyu. Wasu suka ce a koma ɗakin ajiya a duba magungunan da ake da su tun tuni, na zazzaɓin cizon sauro, na ƙanjamau, na tsutsar ciki, na amosanin gaɓɓai, ko Allah zai sa a dace da wanda zai kama wannan baƙuwar cuta. Wasu suka ce sabuwar cuta sai sabon magani, wanda aka haɗa musamman dominta, duk wani abu ban da wannan lalube ne kawai. Annobar ta lafa, hukumar ta janye dokar ta-ɓaci a watan Mayu na 2023, amma gardamar tana nan, saboda wata annobar za ta zo, kuma kuɗin bincike bai taɓa isa a bi hanyoyin nan biyu da ƙarfi ɗaya ba.

Hujjar farko ta masu goyon bayan tsohon magani ita ce lokaci. Sabon magani yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje ya iso kanti, kuma cikin kowane goma da suka kai ga gwaji a jikin mutum, kusan tara faɗuwa suke yi, ko don ba sa aiki ko don illarsu ta yi yawa. Tsohon magani ya riga ya wuce nan. An san adadin da jiki ke iya ɗauka, an san abin da yake yi wa hanta da ƙoda da zuciya, an san ko mai ciki za ta iya sha, ga masana'antu a Indiya da Sin da injinansu a shirye. Tambaya ɗaya ta rage: yana aiki a kan wannan cutar ko ba ya yi? Kuma ba yau aka fara dacewa ta wannan hanyar ba. Maganin AZT an haɗa shi ne a 1964 don cutar daji, bai yi aiki ba aka ajiye shi, sai ga shi a 1987 ya zama magani na farko da aka amince da shi don ƙanjamau.

Amma babbar hujjarsu sunanta deksametazon, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

A farkon Maris na 2020 wasu malamai biyu na Jami'ar Oksfod a Ingila, Martin Landray da Peter Horby, suka tsara wani gwaji da suka sa wa suna RECOVERY. Cikin kwana tara da rubuta tsarin aka shigar da majinyaci na farko. Sauƙinsa ne ƙarfinsa. Mutum ya zo asibiti da korona, ma'aikaciyar jinya ta yi masa bayani, ya amince ya sa hannu, ta cika gajeren fom a kwamfuta, kwamfutar ta jefa ƙuri'a: wannan a ba shi kulawar da aka saba kawai, wancan a ƙara masa magani kaza. Ba likita ke zaɓa ba, balle zuciyarsa ta karkata ya ba wanda ya ga yana da alamar tashi. Bayan kwana 28 a duba abu guda, wa ya rayu, wa ya rasu. Asibitoci 176 suka shiga, har ta kai kusan kashi 15 cikin 100 na duk masu koronar da aka kwantar a Birtaniya a lokacin suna cikin gwajin.

Ranar 16 ga Yuni 2020 sakamako ya fito. Mutum 2,104 sun sami deksametazon, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, an kwatanta su da mutum 4,321 da ba su samu ba. Cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, mace-mace sun sauko daga kashi 41 cikin 100 zuwa kashi 29. Cikin masu shan oksijin kawai, daga kashi 26 zuwa 23. Magani ne da aka sani tun ƙarshen shekarun 1950, babu kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, kuɗin cikakken shansa a Birtaniya a lokacin bai wuce fam 5 ba. A ranar aka umarci asibitocin ƙasar su fara ba da shi, sauran duniya ta bi sahu cikin makonni. Zuwa Maris na 2021 hukumar lafiyar Ingila ta ƙiyasta cewa ya ceci rai 22,000 a Birtaniya da kimanin miliyan ɗaya a duniya. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma ko an raba shi biyu, babu wani sabon maganin da ya yi kusa da wannan a shekarar farko ta annobar. Daga baya gwajin ya ƙara gano wasu biyu, tosilizumab a Fabrairun 2021 da barisitinib a Maris na 2022, dukansu magungunan amosanin gaɓɓai ne, kuma dukansu sun rage mutuwa a tsakanin waɗanda ciwon ya tsananta.

Idan aka tsaya nan, an gama muhawara. Sai dai ɗaya ɓangaren yana da nasa labarin, kuma mu a nan mun ga wani yanki nasa da idonmu.

A wannan watan na Maris, wani likita a birnin Marsai na Faransa, Didier Raoult, ya wallafa bincike yana cewa haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, yana kawar da ƙwayar cutar. Mutum 26 ya ba maganin, ya kwatanta su da 16 da ba su sha ba, ba tare da ƙuri'a ba. Cikin 26 ɗin an cire shida daga lissafi: uku an wuce da su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya. Wato waɗanda abin ya fi yi wa muni su ne ba a ƙidaya ba. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya ɗauki zancen ya yayata, kafin mako ya zagayo hukumomin Legas sun sanar da kwantar da mutum uku da suka afa kulorokwin fiye da ƙima. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Duk wanda ya tsaya a bakin kemis a kwanakin nan ya ji yadda ake tambaya ƙasa-ƙasa, “Akwai kulorokwin? Ba ni kati biyu in ajiye,” alhali tun 2005 Najeriya ta daina ɗaukarsa a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro saboda ƙwayar cutar ta riga ta saba da shi. A wasu ƙasashen, masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke far wa mai ita, waɗanda rayuwarsu ta dogara da wannan magani kullum, suka neme shi suka rasa.

Da RECOVERY ya gwada shi a kan mutum sama da 1,500, kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka sha sun rasu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 25. Hukumar magunguna ta Amurka ta janye izinin gaggawar da ta ba shi ranar 15 ga Yuni 2020. Takardar Raoult kuwa sai Disamba 2024 mujallar da ta buga ta ta janye ta, bayan ɓarnar ta riga ta gama zagaya duniya. Abin takaici, har masu sukar maganin ba su tsira ba: wata takarda da mujallar Lancet ta buga a watan Mayu 2020, mai cewa ta duba bayanan majinyata 96,000 ta ga maganin yana kisa, ita ma an janye ta cikin mako biyu saboda kamfanin da ya kawo alƙaluman ya kasa nuna inda ya samo su.

To me ya sa aka ga yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje? Amsar tana da muhimmanci, don ita ce ke nuna raunin wannan hanya gaba ɗaya. Yawancin gwajin farko an yi shi ne a kan ƙwayoyin halittar ƙodar wani biri da ake rainonsu a faranti. A cikinsu bairos ɗin yana shiga ta wata 'yar jaka mai tsami, kulorokwin kuwa yana rage tsamin jakar, sai ƙofar ta rufe. A huhun mutum akwai wata ƙofar dabam, ta hanyar wani sinadari mai suna TMPRSS2, wadda kulorokwin ba ya taɓawa. Masu bincike a Jamus suka nuna haka a watan Yuli 2020. An rufe ƙofar da ba ta nan yake shiga ba.

Labarin aibamektin ya fi ba ni baƙin ciki, saboda magani ne mai daraja a wurinmu. Shi ne Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 a ƙauyukan bakin rafi don hana makantar da cizon ƙudan rafi ke jawowa, kuma waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun sami lambar Nobel a 2015. A watan Afrilu 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka ga yana kashe bairos ɗin a faranti, amma da adadin da ya ninka abin da jinin mutum ke iya kaiwa sau da yawa. Sai wani bincike daga Masar ya zo yana cewa ya rage mutuwa ƙwarai, aka dinga kafa hujja da shi, har aka janye shi a Yuli 2021 bayan an ga bayanan majinyata da aka maimaita da wasu da suka rasu tun kafin a fara binciken. Gwajin TOGETHER na Barazil, mai mutum 1,358, bai ga wani amfani ba, haka manyan gwaje-gwajen Amurka da Birtaniya da suka biyo baya. Lofinabir na ƙanjamau ya faɗi. Azitiromaisin ya faɗi. Asfirin da kolcisin ba su rage mutuwa ba. Ruwan jinin waɗanda suka warke, wanda Amurka ta ɗura wa mutum kusan dubu ɗari ba tare da ƙuri'a ba, da aka gwada shi yadda ya kamata a kan majinyatan asibiti sama da 11,000, bai ceci rai ba.

Don haka masu suka ke cewa: kun nuna mana magani uku da suka yi nasara, mun nuna muku goma da suka faɗi, kuma kowace faɗuwa ta ci kuɗi, ta ci lokacin likitoci, ta ci amanar jama'a. Wasu jami'an hukumar magunguna ta Amurka da suka duba dubban gwaje-gwajen koronar da aka yi wa rajista sun tarar kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai aka tsara su da ƙuri'a da yawan mutanen da zai iya ba da amsa. Sauran duk wahala ce da ba ta haifi ilimi ba. Suna ƙarawa da cewa kusancin tsohon magani da hannun mutane, wanda ake yabo, shi ne hatsarinsa. Sabon magani yana kulle a wurin kamfani har sai an gama gwada shi. Tsoho kuwa yana kan kanta, jita-jita ɗaya a WhatsApp ta isa ta kai shi cikin dubban mutane kafin magariba.

Akwai wata tambaya a ƙarƙashin duk wannan da ba ta alƙaluma ba ce, ta tausayi ce. Mutum na kwance yana fama da numfashi, 'yan'uwansa sun kewaye likita suna cewa, “Likita, don Allah a ba shi ko mene ne, a gwada.” Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Raoult da masu ra'ayinsa sun ce rashin imani ne a jefa ƙuri'a a kan irin wannan mutum, a hana shi abin da wataƙila zai cece shi. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba. Mutum 4,321 ɗin nan da ba su sami deksametazon ba, akwai cikinsu waɗanda da sun samu da sun rayu, kuma babu yadda za a faɗi wannan ya yi daɗin ji. Amma a tuna halin da ake ciki kafin gwajin. Shawarar da manyan hukumomi ke bayarwa a lokacin ita ce a guji irin wannan magani, saboda abin da aka gani a cutar SARS ta 2003 da MERS ya nuna zai iya jinkirta fitar bairos daga jiki. Ba don ƙuri'ar ba, da yawancin majinyatan duniya an ci gaba da hana su abin da ke ceto, ana ɗura musu abin da ba ya yi. Sannan korona cuta ce da mafi yawan waɗanda ta kama suke warkewa da kansu. Duk abin da ka ba mutum ɗari, ko ruwan zafi da lemun tsami ne, fiye da casa'in za su tashi su yi maka shaida da zuciya ɗaya. Ba ƙarya suke yi ba, sun sha kuma sun warke. Abin da ba za su iya sani ba shi ne ko da ba su sha ba za su warke, kuma wannan sai an ajiye rukuni biyu gefe da gefe ake ganinsa.

Da aka tara sakamakon shekarun nan, wani tsari ya bayyana wanda a ganina ya fi “tsoho ko sabo” bayyana gaskiya. Korona mai tsanani mataki biyu ce. A makon farko bairos ne ke hayayyafa. Daga mako na biyu, a jikin wasu, garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, huhu ya kumbura ya cika da ruwa, ko da bairos ɗin ya fara ja da baya. Kamar ɓera ne ya shiga rumbu aka cinna wuta don a kore shi, ɓeran ya fice, wutar ta ci gaba da cin hatsi. Deksametazon da tosilizumab da barisitinib duk masu kashe wutar ne, ba ruwansu da ɓeran. Shi ya sa a gwajin RECOVERY deksametazon bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba, alƙaluman ma sun karkata ga cewa zai iya cutar da su, don ya danne garkuwa a lokacin da ake buƙatarta. Kumburin jikin ɗan Adam tsohon abu ne, an daɗe da sanin magungunansa. Bairos ɗin ne sabo, kuma kusan duk tsohon maganin da aka auna shi da shi ya kuskure. Remdesibir, wanda aka gwada a kan Ebola a Kwango a 2018 da 2019 bai yi fice ba, shi ne ya ɗan taɓuka: ya rage kwanakin jinya daga 15 zuwa 10 a wani gwajin Amurka, amma babban gwajin Solidarity na Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙasashe 30, bai ga ya rage mutuwa a sakamakonsa na Oktoba 2020 ba. Daga baya aka gano ya fi amfani idan an ba da shi da wuri, ta jijiya, kwana uku a jere, kuma kuɗinsa a Amurka ya haura dala 3,000.

A nan ne masu neman sabon magani suke da gaskiya. Paxlovid na kamfanin Pfizer an tsara shi ne ya toshe wani sinadarin da bairos ɗin ke yanka sassan jikinsa da shi kafin ya hayayyafa. A gwajin da aka sanar a Nuwamba 2021, a tsakanin masu rauni da ba su yi rigakafi ba, ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 cikin 100. Babu tsohuwar ƙwayar sha da ta kusanci haka a matakin farko na cutar. Hukumar Amurka ta ba shi izini ranar 22 ga Disamba 2021, ƙasa da shekara biyu da soma aikin, wanda ya rusa zancen cewa sabon magani dole sai ya shekara goma. Amma ko shi ba daga sama ya faɗo ba. Tushensa wani sinadari ne da kamfanin ya haɗa don SARS ta 2003, da cutar ta ɓace aka rufe fayil ɗin. Wani sashe na katin kuma ritonabir ne, tsohon maganin ƙanjamau na shekarun 1990, wanda aikinsa shi ne hana hanta saurin narkar da sabon. Masu wannan ra'ayi suna cewa da an ci gaba da zuba kuɗi a wancan bincike bayan 2003, da wataƙila an shiga 2020 da ƙwaya a hannu, kuma ban ga yadda za a musa musu ba.

Sai dai sabon magani ma ya sha ƙasa. Molnufirabir an fara cewa yana rage kwanciya asibiti da rabi, cikakken sakamako ya ce kashi 30, sannan gwajin PANORAMIC na Birtaniya, mai mutum sama da 25,000 da yawancinsu sun yi rigakafi, bai ga ya rage kwanciya ko mutuwa ba, sai dai saurin murmurewa. Sojojin garkuwa na haɗi, irin waɗanda aka ɗura wa Trump a Oktoba 2020, sun yi aiki sosai har ranar da nau'in Omikiron ya ɓulla a Nuwamba 2021, ya sauya kamanni, suka daina gane shi, aka janye su ɗaya bayan ɗaya. Deksametazon kuwa bai damu da wane nau'i ne ya zo ba.

Sannan ga maganar wa zai samu. Gwamnatin Amurka ta sayi Paxlovid a kan kusan dala 530 na kwana biyar, daga baya kamfanin ya sa farashin kasuwa dala 1,390. An ba da lasisin yin kwafinsa mai rahusa don ƙasashe 95, amma kafin kwafin ya iso da yawa, guguwar ta wuce. Kuma dole a fara shansa cikin kwana biyar da jin alamu, wanda ke nufin gwaji a kusa, sakamako da wuri, da likitan da zai duba sauran magungunan da mutum ke sha, don ritonabir ba ya jituwa da wasu magungunan zuciya da na farfaɗiya da rifamfisin na tarin fuka. Mu tuna Kano a watan Afrilu 2020, lokacin da masu haƙa kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce bincike ya ƙidaya mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Da yawansu a gida suka cika, ba gwaji. Majinyacinmu yakan fara da kemis, ya bi da jiƙo, sai numfashi ya gagara ake neman mota. Lokacin da zai iso asibiti kwana biyar ɗin sun daɗe da wucewa, abin da zai amfane shi shi ne oksijin da deksametazon. Ko a fagen bincike an bar Afirka a baya: gwajin ANTICOV, da aka ƙaddamar a Nuwamba 2020 a ƙasashen Afirka 13, ciki har da Gana da Kamaru da Sudan, don neman maganin da zai hana ciwo mai sauƙi tsananta, masu gudanar da shi sun bayyana a 2022 cewa sun nemi Paxlovid don su gwada shi ba a ba su ba.

Saboda haka, idan aka ce in zaɓi inda ƙasa irin Najeriya ko Nijar za ta sa ɗan abin da take da shi, ina tare da masu tsohon magani. Ƙera sabon maganin bairos aikin biliyoyin daloli ne, ya kamata duniya ta yi shi tun kafin annoba ta zo, mu kuma mu dage a kan a rubuta rabonmu a yarjejeniya tun farko. Abin da ke cikin ikonmu shi ne gano wanne cikin magungunan da ke kantunanmu yake aiki a jikin mutanenmu. Amma goyon bayan nawa da sharaɗi, don na san yadda muke da magani. Deksametazon ɗin nan yana cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke saya ba takardar likita don su yi ƙiba, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Indiya ta ga ƙarshen wannan sakaci a 2021, lokacin da aka dinga ba masu korona irin waɗannan magunguna barkatai, da yawansu masu ciwon suga, sai cutar baƙar fumfuna ta kama mutum sama da 40,000, wasu sai da aka cire musu ido ko muƙamuƙi. Maganin da ya ceci rayuka a sashen kulawa ta musamman shi ne ya makantar da wasu da aka ba su ba bisa ƙa'ida ba. Haka nan batun tazargade. Da shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da jiƙonsa na tazargade mai suna Covid-Organics a Afrilu 2020, ƙasashe da dama sun karɓa da murna don na gida ne. Najeriya ta yi abin da ya dace, ta miƙa shi ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, wadda ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. Daga dangin wannan ganye aka samo atemisinin, ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, kuma shan sa barkatai na iya koya wa ƙwayar zazzaɓin jure masa, mu rasa abin da muke da shi a garin neman abin da babu.

Sharaɗin shi ne gwaji, kuma na san nauyin wannan kalma a Kano. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa, yara 11 suka rasu cikin rukunonin biyu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi shari'a har aka sasanta a kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Duk wanda zai ce wa Bakano “gwaji” dole ya fara da amsa wannan. Amsar kuwa ita ce a yi irin wanda aka yi a Oksfod: likitocin ƙasa ne ke riƙe da shi ba kamfani ba, bayani da harshen majinyaci, izininsa ko na waliyyinsa a rubuce, kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluma yana da ikon tsayar da komai, sakamako kuma a fito da shi ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ƙin yin gwaji ba ya kare kowa daga zama abin gwaji. Wanda ya sayi kulorokwin kati biyu a Maris na 2020 shi ma gwaji aka yi a jikinsa, illa dai ba wanda ya rubuta abin da ya same shi.

Kuma ba sai mun jira wata koronar ba. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana kashe mutane a Najeriya duk rani. Maganin da ake ba masu shi, ribabirin, shi ma tsohon magani ne da aka aro daga wasu cututtukan, bisa wani bincike da aka yi a Saliyo aka wallafa a 1986. Masanan da suka sake bin bayanan wannan bincike a 'yan shekarun nan sun sami manyan kurakurai a tsarinsa, har suna ganin maganin zai iya cutar da masu ciwo mara tsanani. An shafe fiye da shekara 30 ana ɗura shi kafin a fara kwatanta shi, ta hanyar ƙuri'a, da fabifirabir, wani maganin mura na Japan, a asibitocin Irrua da Owo.